Hattara da masu tallar regiletan nutso wai tokunbo a Legas

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan jan kunne ne ga samarinmu na nan Legas da suka fara koyon nutso da tukunyar iska, masu tsallakawa Tarkwa Bay ƙarshen mako da masu shirin sayen kayan kansu. Akwai wasu da suke zuba hotunan regileta, wato na'urar da mai nutso ke shaƙar iskar tukunya ta cikinta, a guruf guruf na WhatsApp, fes da ita kamar yanzu aka ciro daga kwali, ta kamfanin Scubapro ko Apeks ko Mares, kuɗin kuma bai kai rabin na shago ba. Labarin nasu ɗaya ne, wai daga jirgi aka sauke a Apapa, wai wani Bature ne zai koma gida yana neman kuɗi da gaggawa, ka tura rabi yanzu ɗan aike zai kawo maka har Agege ko Obalende.

Wasu da zarar sun ga alat shikenan sun yi bulokin ɗinka, wannan ma da sauƙi wallahi, kuɗi ne kawai suka tafi. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu kawo kayan. Tsohuwar regileta ce da ta sha ruwan gishiri aka goge ta da man goge ƙarfe tana ƙyalli, kan da ake ɗaurawa a tukunya na wani kamfani, wanda ake sawa a baki na wani, tiyo na wani. Wani yaro ya kawo min irinta in duba masa, ina cire murfin ƙura na leƙa filtar mashigar iska sai na ga ta yi kore shar, alamar ruwan teku ya shiga ciki ya ci tagullar kenan. Na ja robar da ke rufe gindin tiyo baya, duk ya tsattsage a ƙarƙashi. Lambar siriyal kuwa an kankare ta.

Don Allah ku gane aikin abin nan. Tukunya tana ɗauke da iska wajen bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), kan farko, wato wanda ake ɗaurawa a tukunya, shi ke sauke ta zuwa kamar bar 10, na baki kuma ya ba ka daidai yadda huhunka zai iya ja. Zobban roba da 'yar kujerar bawul da ke ciki su ke riƙe wannan matsin, idan suka mutu iska ta ɓalle tana zuba ba tsayawa, kai kuma kana mita 18 a ƙasa, ba wurin da za ka tsaya ka kira mai kaya ba ne.

Ba wai na hannu haramun ba ne, a'a, regileta mai kyau tana shekaru idan ana mata sabis, yawanci duk shekara ko shekara biyu gwargwadon abin da kamfanin ya ce. Amma ka nemi takardar sabis na ƙarshe, ka ga siriyal da idonka, ka duba ko an buga EN250 a jiki, wato alamar ta cika ƙa'idar inganci ta Turai, sannan ku haɗu a wajen malamin da ke koya maka a ɗaura ta a tukunya a gwada kafin ko kwabo ya fita. Ka duba ma irin mahaɗinta da tukunya, ko DIN ce mai zare da ake murɗawa ciki ko yoke mai maƙalewa a kan bawul, kar ka saya ta ƙi hawa tukunyar da kake haya. Duk wanda ya ce ba shi da lokacin gwaji akwai wani kwastoma na jira, bar masa kayansa.

In araha kake nema da gaske, ni dai regiletoci masu aiki da fistin (piston) marasa tarkace nake ba da shawara a saya, irin Scubapro MK2 ko Aqualung Calypso, su makarantun nutso suka fi bayarwa haya saboda suna jure wahala kuma gyaransu ba ciwon kai. Sai dai ka fara tambaya ko akwai mai yi mata sabis a nan da kayan gyara na asali.

Wanda aka riga aka cuta kar ya goge hirar, ya ajiye rasit ɗin tiransfa da lambar akawun, ya sanar da bankinsa nan take sannan ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko EFCC. A tura wa sauran 'yan uwa.