Sharhi: ajin tarihi da mandiƙi na manya a ƙasar Ringim

Ajin nan ba na koyon baƙi da wasali ba ne, kuma a nan mutane da yawa suka fara yin tuntuɓe. Da aka ji an ce ajin manya, sai aka ɗauka yaƙi da jahilci ne irin wanda aka saba gani, har wasu dattawa suka zo ranar farko da allo a hammata. Wasu malaman makaranta ne da suka yi ritaya suka haɗa kai suka buɗe shi a wani gari da ke kan hanyar Ringim zuwa Gujungu, kuma sharaɗin shiga ɗaya ne: mutum ya iya karanta Hausa, ko da boko ko da ajami. Na zauna zangon tun daga buɗewa har rufewa, mako 16 cif. A taƙaice ya cancanci kuɗinsa, amma rabinsa ne ya nuna, ɗaya rabin da sauran gyara.

Ana zama sau biyu a mako a ajin firamare, mata tsakanin La'asar da Magariba, maza bayan Isha'i, kowane zama awa ɗaya da rabi. Kuɗin rajista bai wuce na tiya biyu ta gero ba, sai ɗan abin da ake tarawa na buga takardu. An raba zangon gida huɗu: tarihi mako 8, mandiƙi (ilimin gina hujja da auna ta) da falsafa mako 4, adabi mako 2, sai mako 2 na ƙarshe da kowa zai fita ya yi nasa binciken a cikin gari.

Tarihin shi ne ƙashin bayan ajin. Malamin bai ɓata lokaci yana jero sarakuna a haddace ba. Ya rubuta 999 a allo, shekarar da ake cewa Bagauda ya hau sarautar Kano, ya tambaya wa ya ƙirga ta. Daga nan ya nuna cewa tsohon littafin tarihin Kano na Larabci, wanda Baturen mulki Palmer ya fassara da Turanci a 1908, tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa, ba shekarar hawa ba. An samo 999 ne ta hanyar tara shekarun mulki ana komawa baya daga zamanin jihadi. Ke nan idan mai kwafe ya tsallake sarki ɗaya, ko ya ƙara wa wani shekara 10, duk waɗanda suka gabace shi sun gusa. Shi ya sa ake neman turke daga waje. Mulkin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, yana da irin wannan turke, domin an san lokacin da Shehu Magili ya zo Kano daga wasu littattafan dabam. Gijimasu da aka ce shi ya fara ganuwa ba shi da shi. Wanda ya fahimci wannan a mako na biyu, ba ya ƙara jin shekara ya haɗiye ta haka kawai.

An kuma koyar da juya shekarar Hijira zuwa Miladiyya, abin da masu tsofaffin takardu a gafaka suke matuƙar bukata. A ninka shekarar Hijira da 0.97, a ƙara 622. Misali 1218 tana ba da 1803 da ɗoriya, kuma hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu a cikinta aka yi, a watan Fabrairun 1804. Abin da ke kayar da mutane shi ne shekarar Hijira kan hau kan shekaru biyu na Miladiyya, saboda ta gaza da kwana 11 ko kusa da haka. In takarda ba ta faɗi wata ba, sai a rubuta shekarun biyu a bar su haka. Kwakuletar waya ta isa yin wannan lissafi.

Inda na fi yaba wa malamin shi ne bai mayar da tarihin Jigawa wutsiyar tarihin birnin Kano ba. Ya ware masarautun biyar ya nuna kowace da hanyar da ta biyo. Gumel tana tare da Barno, tutar Sakkwato ba ta ci ta ba. Kazaure ta fito ne daga saɓanin Ɗan Tunku da Kano a farkon mulkin Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819. Haɗeja ta yi zamanin Sarki Buhari da ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, kuma ita Turawa ba su ci ta da yaƙi ba sai 1906, shekara uku bayan sun shiga Kano. Dutse da Ringim kuwa ƙasar Kano ce a da. Da aka zo kan Basasa ta 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, sai ajin ya yi zafi, don akwai gidajen da har yau suna tuna ɓangaren da kakanninsu suka bi. Malamin ya sa doka: duk wanda zai kawo labari, sai ya faɗi wanda ya ba shi, shi ma wa ya ba shi. Wani dattijo ya ce, "Allah gafarta Malam, ai wannan kowa ya sani." Malam ya ce, "To Baba, a cikin kowan nan a ba mu sunan mutum ɗaya." Dariya ta kashe maganar, amma daga ranar an rage faɗin "an ce".

Wannan doka ita ce ta ɗauki aikin mako biyun ƙarshe. Kowa ya zaɓi abu guda ƙarami: jerin dagatan garin, ko yadda aka kafa wata unguwa, ko tarihin marina da ta mutu, ko wata tsohuwar rijiya. An hana ɗaukar babban abu irin tarihin masarauta gaba ɗaya, kuma hanin ya yi daidai. Ga yadda aka tsara fita. A fara sanar da mai unguwa, a tafi da goro, a sami tsoho shi kaɗai da hantsi kafin ya gaji. A sa waya a yanayin jirgin sama don kada kira ya yanke naɗin murya, a ajiye ta kan tabarma kamar kamu biyu daga bakinsa, kada a wuce minti 40. Da an tashi a canja wa naɗin suna, a sa rana da unguwa, in ba haka ba bayan hira ta biyar ba mai gane wanne ne wanne. Kada a tambayi tsoho shekara, don zai ba da lamba ne kawai ya sallame ka. A tambaye shi ko abin ya faru kafin jirgin ƙasa ya fara wucewa zuwa Nguru ko bayan haka, layin da aka gama a 1930. A tambaye shi ko a lokacin ana kashe fam da sule ne ko naira ta fito, wato 1973. Ko an riga an soke haraji da jangali, abin da gwamnatin Abubakar Rimi ta yi a 1979, lokacin nan duk jihar Kano ce. Ga wanda yake ba da labarin iyayensa kuma, akwai zuwan Turawa da yunwar Kakalaba ta 1914. Turaku biyu sun isa su matse labari a tsakanin shekaru kaɗan.

Jerin dagatai shi ya fi ba da wahala, kuma dalilin a fili yake. Masu ba da labari sukan manta wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu, sukan kuma share wanda aka tuɓe. Sannan ƙane yakan gaji wa, sai mai rubutu ya ɗauke shi ɗa ne, lissafin zuriya ya kumbura. Hanyar da aka bayar ta gwaji mai sauƙi ce: a ƙirga uba zuwa ɗa a kan shekara 25 zuwa 30, in jerin ya nuna uba da ɗa da jika sun cinye shekara 200, akwai sunayen da suka faɗi a hanya. A nan tsofaffin mata da maroƙa suka fi amfani, domin kirari yakan riƙe sunan da zance ya yar.

Akwai abin da ajin bai shirya wa ɗalibai ba, ya kuwa kamata. Tambayar asali a ƙauye ba ƙaramin abu ba ce. Wasu unguwannin rinji ne a da, wato mazaunin bayi, jikokin mutanen suna nan, sun yi auratayya da kowa. Wasu labaran kafa gari kuma suna manne da rigimar gona ko ta sarauta da ba ta mutu ba. Ɗalibi ya shiga da waya a hannu yana tambayar wa ya fara sarar dajin nan, sai a ɗauka shaida yake tarawa. Sai da aka kusa samun matsala sannan malamai suka ce a riƙa neman izini kafin a naɗi murya, a kuma cire sunan gida daga abin da za a karanta a aji. Wannan darasin mako na farko ne, ba na goma sha biyar ba. Haka nan ba a gaya wa mutane tun da wuri cewa kwafe hirar awa ɗaya a takarda yakan ci awa biyar ko shida ba, sai ga masu hira bakwai sun kasa gama ko biyu.

Mandiƙi ya fara da ƙafar dama. Kalmar falsafa ta sa wasu ɗari-ɗari, wasu ma sun ce in an zo nan za su tsaya. Malamin ya yi dabara, ya shigo ta ƙofar da aka sani: ya nuna cewa mai Ahalari, littafin da kusan kowa a ajin ya karanta a zaure, shi ne ya wallafa Sullam, waƙen mandiƙi da malaman ƙasar nan suka daɗe suna karantarwa. Ya kuma kawo cewa Shehu Magili ya yi rubutu a fannin, har suka yi musayar baitoci da Suyuɗi wanda yake ganin haramcinsa. Da aka ga saɓani ne na malamai tun da can, sai aka zauna. An yi mako biyu kan tasawwuri (gane ma'anar abu) da tasdiƙi (yanke hukunci a kansa), da yadda ake gina ƙiyasi daga gabatarwa biyu a fitar da natija, wato sakamako, duk da misalan gona da kasuwa. Wanda ya fi zama a kai shi ne na taki: gonar wane an sa mata taki ta yi kyau, tawa ta yi kyau, saboda haka an sa mata taki. Sai da aka yi rabin awa kafin kowa ya ga inda ya karye, cewa fadama ma tana sa gona ta yi kyau. Daga nan aka ɗauko Ibn Khaldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, da yadda yake tuhumar masu tarihi kan kumbura yawan runduna. Aka gwada a kan labaran yaƙi na gida. Doki yana shan jarka guda ta ruwa ko fiye a yinin zafi, to in an ce dawaki 10,000 sun yi sansani wata guda a garin da ke da rijiya uku, sai a tambaya ina suka sha.

Makon Girkawa kuwa ya zube. An karanto Sokuratis da Aflatun da Arisɗo daga wata takarda da aka fassara daga Turanci a gurguje, malami yana faɗa ana rubutawa. An ce an kashe Sokuratis a Atina a shekara ta 399 kafin Miladiyya, aka wuce, ba a kawo ko tambaya ɗaya irin wadda yake yi wa mutane ba. Da an ɗauki tambayar mene ne adalci, aka jefa ta kan rabon ruwan noman rani tsakanin na sama da na ƙasa, da ajin ya kwana yana muhawara. Makon da ya biyo baya, da aka tattauna wane ne mutumin kirki, aka auna kunya da gaskiya a inda suke karo, kamar shaida a kan suruki, ya nuna ɗaliban za su iya. Matsalar daga shirin malami take.

Adabi an yi shi a tsaitsaye. Mako biyu ba su isa a taɓa karin magana da waƙar baka da rubutacciya ba. Abin da ya tsira shi ne zama ɗaya kan Nana Asma'u da tsarin 'yan taru, yadda jaji, wato shugabarsu, ke ɗauko waƙa ta kai wa matan ƙauye, kuma ajin mata ya fi cin moriyarsa.

Sauran koke-koken na kayan aiki ne. Takardun da ake rabawa an buga su ba ƙugiya, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata, kuma mai karatun da bai ƙware ba a nan yake tsayawa cak. Masu ajami ba a buga musu komai ba, sai dai maƙwabcin zama ya karanta musu, alhali da sharaɗin ajami aka karɓe su. Bencin yara ne, babba ba ya awa ɗaya da rabi a kansa, gara a zo da tabarma. Fitila mai aiki da hasken rana guda ɗaya ce, tana dushewa kafin a tashi, sai a koma tocilan waya. Lokacin farawa ma an makara. An buɗe a ƙarshen Disamba maimakon da an gama shigar da dawa, sai ƙarshen zangon ya faɗa cikin zafin bazara da sharar gona, ga masu noman rani da ba sa barin ban ruwa da yamma. Daren kasuwar Gujungu kuwa ajin maza rabi yake zama, da an kauce masa tun wajen tsara ranaku.

Takardar shaidar da ake bayarwa ta halarta ce kawai, ba ta neman aiki ko shiga babbar makaranta ba, kuma malaman sun faɗi haka tun ranar rajista. Wanda zai shiga zango mai zuwa ya tanadi littafin rubutu mai shafi 80 guda biyu, ɗaya na aji ɗaya na hira, da katin ajiya na waya wanda ba a cika shi da waƙoƙi ba, ya kuma fara tunanin tsohon da zai je wa tun makon farko, ba sai an ce a fita ba.