SSD ko HDD: wanne mai tace bidiyon biki zai fara saya?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwanmu mai ɗaukar bidiyon biki a Tudun Wada ya kawo tambaya: laftof ɗinsa ta cika maƙil, kuɗin hannunsa kuma abu ɗaya za su iya saya, ko dai HDD mai terabait 4 ko SSD mai terabait 1, waɗanda duka ma'ajiyar bayanai ce da ake jonawa da kwamfuta. Kyamararsa tana ɗaukar 4K, wato bidiyo mai tsananin kaifin hoto, da manhajar Premiere Pro yake tace hoto. Na ga an yi masa caa da amsa guda, wai ya sayi SSD kawai, HDD ya zama tsohon yayi. Ban gamsu da wannan amsar ba, domin ba a duba irin aikin da yake yi ba.

Malam, kafin ka nufi kasuwa, fara yi wa kyamararka lissafi. Irin su Sony A7 III da yawancinmu ke riƙewa suna ɗaukar 4K a kan megabit 100 a daƙiƙa. Ka raba gida takwas, tunda megabit takwas ke yin megabait ɗaya, ya zama megabait 12.5 a daƙiƙa, wato kimanin gigabait 45 a awa ɗaya. A ce biki ne mai kamu, da ɗaurin aure, da walima, da dina, kyamara biyu, kowacce ta ɗauki awa biyar. Gigabait 450 ke nan, ba a sa na jirgi mara matuƙi da hotuna ba. SSD mai terabait 1, wanda Windows za ta nuna maka shi a matsayin gigabait 931, biki biyu zai ci ya ƙoshi. HDD mai terabait 4 zai ɗauki wajen takwas. Duk wanda ya yi aikin Disamba a Kaduna, lokacin da kowace Juma'a da Asabar akwai biki daga Kawo har Barnawa, ya san biki biyu ba komai ba ne.

Ta fuskar gudu babu gardama, SSD ya yi wa HDD fintinkau. Ƙaramin HDD na aljihu, irin su WD My Passport ko Seagate Expansion, faifai ne a ciki yake juyawa, yawanci sau 5,400 a minti, da allura tana bi tana karantawa. Da wuya ya wuce megabait 100 zuwa 130 a daƙiƙa. SSD babu abin da ke motsi a cikinsa. Samsung T7 da SanDisk Extreme an rubuta musu har megabait 1,050 a daƙiƙa. To amma ka koma kan lissafin can: fayil ɗinka megabait 12.5 kacal yake nema. Ashe idan kyamara ɗaya ce a kan layin tacewa, HDD ma yana da sarari har ya yi saura. Sau da yawa cijewar da hoto ke yi ba laifin ma'ajiya ba ne. Tsarin H.264 da H.265 da kyamarori ke ajiye bidiyo da su a matse suke sosai, kwamfuta ce ke shan wahalar warware su. Mutum zai zuba kuɗi a SSD, ya dawo gida ya tarar hoton na nan yana tsalle kamar jiya. Maganin wannan shi ne yin furoksi, wato ƙananan kwafi marasa nauyi da ake tacewa da su, a ƙarshe manhaja ta koma kan na asali. Premiere Pro da DaVinci Resolve duk suna yi, kuma ba sai ka ƙara sayen komai ba.

Inda HDD ke gazawa da gaske shi ne idan ka jera kyamara uku ko huɗu a lokaci guda kana yanka tsakaninsu. Allura ɗaya ce, sai ta yi ta kai da kawo tsakanin fayil da fayil. Ka sa kunne kusa da shi za ka ji ƙas-ƙas ɗinta, kana jan linzami hoton na biyo ka a baya. Haka ma mai aiki da ProRes 422 HQ, wani tsarin bidiyo da ba a matse shi sosai ba, a 4K: wannan yana cin wajen megabait 110 a daƙiƙa, kusan gigabait 400 a awa. Ya riga ya kai maƙurar ƙaramin HDD. Masu talla da masu fim da ke irin wannan aikin, su kam SSD ya zame musu dole.

Akwai wani abu da 'yan kasuwa ba sa faɗa, wataƙila wasunsu ma ba su sani ba. Yawancin ƙananan HDD masu yawan terabait ana rubutu a kansu ne da tsarin SMR, layi na hawa kan gefen layi don a samu wuri. Karatu lafiya lau, amma in ka daɗe kana zuba manyan fayiloli sai gudun ya faɗi warwas. SSD masu araha su ma suna da tasu: sukan fara da gudu, da zarar ɗan wurin da suka ware na gaggawa ya cika, ko suka ɗau zafi, sai su lafa. A zafin Maris da Afrilu, a shagon da babu fanka, za ka ga haka da idonka. Sannan katin memori ma yana da iyaka. Katin SD na UHS-I bai cika wuce megabait 90 zuwa 100 a daƙiƙa ba, don haka wajen sauke aiki daga kati, HDD da SSD kusan tare za su gama.

Batun ƙarko shi ya fi damuna, domin a nan ake kuka. HDD ba ya son faɗuwa, musamman yana cikin aiki. Ya zame daga kan tebur waya ta ja shi, shi ke nan, sai ka ji yana ƙyat-ƙyat ya ƙi buɗewa. Mai yawo da jaka a bayan babur ko cikin Keke Napep a kan hanya mai gargada ya san abin da kayansa ke sha. SSD yana jure wannan. SSD ɗin Samsung T7 Shield ma an yi shi don ya jure faɗuwa daga tsayin mita 3, kuma yana da kariya daga ƙura da feshin ruwa, abin da ke da amfani a lokacin hunturu. Sai dai shi SSD in zai mutu ba ya sallama, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya. Ba a kuma so a jefa shi a durowa shekara da shekaru ba a jona shi ba, saboda cajin lantarki ne ke riƙe da bayanan. Babban HDD na tebur, mai inci 3.5, ya fi na aljihu gudu da arahar kowane terabait, amma yana da filoginsa daban. Aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, ko janareto ya yi tari, fayil na iya lalacewa. In babu inbata ko UPS, na aljihu da ke shan wuta daga laftof ya fi maka kwanciyar hankali.

SSD teburin tela ne, HDD kuma akwatin ajiyar kayan mutane. Kai kuwa, Malam, kana da tebur, tunda kusan duk laftof ɗin da ke iya tace 4K da SSD take zuwa a cikinta. Akwati ne ba ka da shi. Shi ya sa ni a wurina HDD mai terabait 4 za ka fara saya. Ka kwashe tsofaffin ayyuka ka zuba a ciki, laftof ta numfasa. Sabon biki in ya zo, ka sauke shi wuri biyu a daren, a laftof da kuma HDD, ka yi tacewar a kan laftof. Tsofaffin da ba ka miƙa wa masu su ba tukuna, ka bar musu kwafi na biyu a wani wuri. Ɗaurin aure ba a maimaita shi. Uwar amarya ba za ta saurari bayanin allura da faifai ba, kuma tana da gaskiya, amana ta ba ka. In Allah Ya hore kuɗin aiki na gaba, sai ka ƙara SSD, bayansa kuma HDD na biyu da zai zauna a gida, ba a shago ɗaya da na farko ba.

Sharaɗi ɗaya ne zai sa in juya maganar. In ma'ajiyar cikin laftof ɗinka gigabait 256 ce, biki ɗaya ma ba zai shiga ba. A nan sai ka rage buri, ka raba kuɗin: SSD mai gigabait 500 na aiki, da HDD mai terabait 1 ko 2 na ajiya. Ka kuma tambayi mai gyara ko za a iya canza na cikin da babba, don wani lokaci ya fi araha.

Ka duba ramin USB ɗin kwamfutarka kafin ka biya kuɗin gudun da ba za ka mora ba. USB 2.0 bai wuce megabait 40 a daƙiƙa ba komai tsadar abin da ka jona. USB 3.0, mai shuɗin harshe a ciki, yana kai wajen 400. Gudun 1,050 ɗin nan sai ramin da ke ɗaukar gigabit 10 a daƙiƙa, da wayar da ta zo a kwalin, ba wayar cajin waya ba. In kana musayar aiki da masu MacBook, ka yi wa ma'ajiyar fomatin na tsarin exFAT, domin Mac tana karanta tsarin NTFS na Windows amma ba ta rubutu a kai, tsarin FAT32 kuma ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. Shi exFAT ba ya yafe fizge waya, kullum ka sallame shi daga kwamfuta tukuna.

Ko a Kasuwar Sheikh Gumi ka saya, ko a shagunan Ahmadu Bello Way, ko aiko maka aka yi daga Legas, ka tafi da laftof ɗinka ko ka yi sharaɗin mayarwa. Jabu sun yi yawa, musamman waɗanda ake tallatawa a intanet da sunan SSD mai terabait 16 a kuɗin banza. In aka fasa, ƙaramin katin memori ake tararwa a ciki. Ka buɗe manhajar CrystalDiskInfo, za ta nuna maka awa nawa faifan ya taɓa yi yana aiki, nan za ka gane ko tsoho aka sa wa sabuwar riga. In ka kai gida ka sa masa manhajar H2testw ta cika shi ta karanta, don ka tabbatar girmansa na gaskiya ne. A terabait 4 zai iya cin kwana guda, ka bar shi ya gama kafin ka zuba bikin kowa a ciki.