Ejan ɗinmu na Wuse da yawon dajin Bandipur: damisa aka tallata mana, saniyar daji ce ta biya kuɗin

Bari in fara da hukunci kafin surutu ya yi yawa. Ofishin tafiye-tafiyen nan na Wuse Zone 4 da ya haɗa mana tafiyar asibiti zuwa Bangalor, ɓangaren biza da tikiti da masauki na sara musu, sun san aikinsu. Ɓangaren yawon dajin da suka liƙa mana a kai kuwa sai a hankali. Ba zan kama suna ba, mutanen kirki ne kuma mun daidaita daga baya, amma duk wanda za a ce masa "Alhaji ƙara ɗan wani abu mu haɗa maka da safari" ya karanta wannan tukunna.

Baffana na raka, dillalin shanu ne a karan Dei-Dei, an yi masa aikin gwiwa a can tun bara, wannan karon komawa ganin likita ce kawai. Takardu duk sun tafi daidai, bizar mara lafiya da ta ɗan rakiya, sun tuna mana da katin rigakafin shawara tun da wuri saboda Indiya ba ta wasa da shi in daga Najeriya ka fito, muka bi ta Addis Ababa, muna sauka direba na tsaye da sunan Baffa a kwali. Wannan ɓangaren ba ni da ta cewa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Yaron da ke teburin gaba a ofishin, mai bakin nan kamar ya sayar maka da iska, shi ya juyo mana da kwamfuta yana nuna hoton damisar Indiya mai zane-zane yana cewa ranka ya daɗe tabbas sai kun ganta, ai wurin gidansu ne. Gaskiya ne Bandipur na cikin dazuzzukan farko da Indiya ta ware wa damisa a 1973, yana jihar Karnataka, wajen kilomita 80 daga Maisur, daga Bangalor kuma ya haura 200. Amma daji ba gidan zu ba ne, babu mai iya yi maka alƙawarin dabba. Ko wutsiyarta ba mu gani ba. Sawu dai aka nuna mana a ƙura, shi ma sai da na yi ta ƙifta ido kafin na yarda sawu ne.

Na biyu, jif muka biya saboda gwiwar Baffa, na maimaita musu ya fi a ƙirga. Muna isa wurin yankan tikiti da asuba sai ga sunanmu a jerin motar bas ta hukumar daji, wadda ake cika ta da mutane, matakala mai tsayi, sai da ni da wani bawan Allah ɗan Kerala muka tallafi Baffa ya hau. Ma'aikatan wurin ba su da laifi, abin da aka yanka mana shi suka ba mu. Ejan ne ya karɓi kuɗin jif ya sayi na bas, ko shi ko wanda ya ba kwangilar a can, Allah masani.

To a cikin wannan ɓacin ran muke tafe, an wuce barewa masu ɗigo-ɗigo garke garke, ga ɗawisu, ga birai masu baƙar fuska a kan reshe, Baffa ko kallo ba ya yi, carbi kawai yake ja. Sai direba ya kashe mota ba tare da ya ce komai ba. Ta hannun dama ciyawa ta buɗe, wata tsohuwar saniya ta fito ta tsaya a gefen hanya tana kallonmu, a bayanta karsana da maruƙa jajaye-jajaye suna tsallakawa ɗaya bayan ɗaya. Gaur kenan, wato saniyar dajin Indiya. Garkensu tsohuwar mace ce ke jansa, kuma sai da na ƙarshe ya haye sannan ta juya. Ni har na ɗauka an gama ina mayar da waya aljihu, ashe bijimin na baya shi kaɗai.

Wallahi jama'a hoto ba ya nuna girman dabbar nan. Kafaɗarsa ta kai rufin Keke Napep ko ta ɗara, baƙi wuluk yana sheƙi saboda maiƙon da fatarsa ke fitarwa, gashi gajere sosai har kana ganin yadda nama ke motsi a ƙarƙashi in ya ɗaga ƙafa. Ƙafafun huɗu daga gwiwa zuwa kofato farare, kuma sirara in ka duba uban jikin da suke ɗauke da shi. Goshi fari-fari da wani tudu tsakanin ƙahonin, ƙahon ya fita gefe ya lanƙwaso ciki, gindinsa ruwan ɗorawa bakinsa baƙi. Ya tsaya tsakiyar hanya ya ɗaga hanci ya yi wani huci mai haɗe da fito, duk motar ta yi tsit, har yaran da suka dame mu da kuka tun tashi. Bai yi fushi ba bai kuma gudu ba, ya gama kallonmu ya saka kai cikin gora ya shige, sai ƙarar karyewar rassa.

Baffa dai ya manta da gwiwa. Ya miƙe tsaye ya kama ƙarfen taga, har ya fara yi masa irin kiran da ake wa shanu a kara, ɗan jagoran ya ɗora yatsa a baki ya ce ya zauna. Da ya zauna sai ya jawo ni ya ce "kai ɗan nan, ka lura ba shi da tozo? Wancan ƙashi ne." Kuma haka ne, abin da ke bayan gaur doron ƙashi ne da ya taso daga kafaɗa ya miƙe har tsakiyar baya sannan ya yanke, ƙasusuwan gadon bayan ne suka yi tsawo, ba irin tozon bunaji ko bokolo da masu suya ke yanka mana ba. Leɓensa ma ɗan kaɗan ne. Na ce Baffa kilo nawa za ka ba shi, ya yi shiru ya ce idonsa bai taɓa auna irin wannan ba, amma manyan bijimai biyu na turka ba za su tada shi ba. A rubuce dai manyan mazan na kaiwa kilo 1,000, wasu har 1,500, kuma duk duniya babu dangin shanu na daji da ya kai shi girma, har da baunar da muke gani a Yankari. Bauna ta fi shi gajarta, ƙahonta a haɗe yake a goshi, kuma ta fi shi saurin faɗa. Shi gaur ya fi kusa da shanun gida a dangantaka, dama shanunmu masu tozo asalin kakanninsu daga can yankin Indiya suka fito. Tambayar Baffa ta gaba ita ce guda nawa tirela za ta ɗauka, na ce Baffa rufa mana asiri, dokar Indiya ta 1972 ta sa shi a sahun farko na dabbobin da ba a taɓawa, ɗauri ne kai tsaye.

Ya tambaya ko ana kiwonsa. Shi kansa a'a, amma akwai ɗan'uwansa na gida da ake kira mithun a arewa maso gabashin ƙasar, wajen Arunachal da Nagaland, har sadaki ake biya da shi. Wannan ya yi wa Baffa daɗi ƙwarai. Af, kuma shanu biyun nan masu karo a gwangwanin Red Bull, asalin tambarin daga wani abin sha na Tailan ne kuma gaur ne aka zana, mun daɗe muna ganinsa a firjin shago ba mu sani ba.

Abin da ya fi tsaya min shi ne hirar da muka yi a hanyar dawowa. A 1968 cutar bushiya ta shiga dajin nan da na Mudumalai da ke maƙwabtaka da shi ta kashe gaur ba adadi, kuma daga shanun gida ta tsallaka musu. Ina faɗin bushiya Baffa ya ajiye carbi, don ya ga ta 1983 da idonsa a nan gida, lokacin yana saurayi yana bin mahaifinsa kasuwa, ya ce mutum zai kwana da garke ya tashi da igiya. Sai 2011 aka sanar an kawar da cutar daga duniya baki ɗaya. Amma cutar boru na nan, shi ya sa dokarsu ta tanadi a riƙa yi wa dabbobin gida da ke cikin kilomita 5 daga irin wannan daji rigakafi. Baffa ya ce to ka ga masu hankali, ana yi wa ta gida allura don ta daji ta rayu. Tun 1986 dai gaur na cikin jerin dabbobin da ake fargabar raguwarsu, mafi yawan waɗanda suka saura kuma a Indiya suke.

Mu koma kan ejan. Babbar hanyar da ta ratsa dajin ana rufe ta daga ƙarfe 9 na dare zuwa 6 na safe saboda dabbobi, shi kuma a jadawalin da ya buga mana ya rubuta za mu bi ta da daddare, kenan bai ma san da dokar ba. Direbanmu ne ya gyara tsarin, muka kwana a wani masauki a bakin daji da kuɗin aljihunmu. Kuɗin shiga na baƙi ya fi na ƴan ƙasa, akwai kuma na kyamara daban, duk ba a faɗa mana ba, gara da na canji ɗan rufi, kuɗin Indiya, na riƙe. Abinci kuma an ce an shirya mana na halal, abin da muka tarar shinkafa ce da miyar wake da ganye, ba haram ba ne dai kam amma Baffa mutumin nama ne, sai da muka koma Maisur direba ya kai mu wani gidan abincin Musulmi ya ci biriyanin rago sannan fuskarsa ta saki. Direban nan shi ya fi kowa cancantar yabo a tafiyar, shi ya tsaya mana a garin Srirangapatna muka yi azahar a masallacin Tipu Sultan, tsohon sarkin Maisur, ba tare da mun roƙa ba.

Da muka dawo Abuja na je ofishin da rasit da hoton tikitin bas. Hajiyar da ke da wurin ba ta yi musu ba, ta kira yaron a gabana ta wanke shi tas, ta ce "ka ba Baffa haƙuri, in sha Allah zan zo har gida in gaishe shi", washegari aka turo bambancin kuɗin jif. Na masaukin dai har yau shiru, na bar shi.

Zan sake ba su aikin biza da tikiti, safari kuwa sai an rubuta min a takarda jif ne ko bas, na safe ne ko na yamma, kuɗin shiga na ciki ko babu. Ku nemi na asuba ko na la'asar sakaliya don lokacin gaur ke fitowa kiwo, da rana suna cikin inuwa suna tuƙa. Ku tafi da rigar sanyi, kar ku sa kaya masu ɗaukar ido, kuma ba a sauka daga mota ko da fitsari ya matse mutum, don haka mai ciwon suga ya rage shayi kafin a tashi.