Locomotion da Rocket: a kan wanne direba ya fi tsira?

Malam, ka tambaya ko tsakanin kawunan jirgin ƙasa masu aiki da tururi guda biyu, Locomotion na 1825 da Rocket na 1829, wanne ya fi aminci ga direba da mai zuba masa kwal. Duk biyun daga masana'antar su Stephenson ta Newcastle a Ingila suka fito, shekara huɗu ce kawai tsakaninsu, amma cikinsu ba ɗaya ba ne.

Locomotion shi ya ja jirgin buɗe layin Stockton zuwa Darlington ranar 27 ga Satumba 1825, George Stephenson da kansa ya tuƙa. Tukunyarsa bututu ɗaya ne babba ya ratsa ta, a cikinsa ake hura wuta, shi ya sa yawancin zafin ke ficewa ta bututun hayaƙi tun kafin ya taɓa ruwa. Silindarsa biyu a tsaye suke a saman tukunya, direba kuma yana kan katako a gefe, can sama, sandunan ƙarfe suna hawa da sauka a gabansa. Rocket kuwa ƙananan bututai 25 na jan ƙarfe aka zura masa, shawarar Henry Booth, ma'ajin kamfanin layin Liverpool zuwa Manchester, aka ware masa murhu daban a baya. Ruwa na tafasa da sauri, tururi ya wadata. Da haka ya kusa mil 30 a awa a gasar gwada kawunan jirgi da aka yi a Rainhill a Oktoba 1829, ya ci fam 500. Locomotion bai wuce kimanin mil 15 ba.

To amma ba gudu ka tambaya ba, rai ka tambaya, kuma a nan ne zancen ya fi taɓa ni.

Ranar 1 ga Yuli 1828 tukunyar Locomotion ta fashe a tashar Aycliffe Lane, direbansa John Cree ya rasa ransa. An ɗaure hannun bawul ɗin da ke sakin tururi idan ya yi yawa. Kada a yi saurin cewa ganganci ne kawai. Direbobin layin ana biyansu ne gwargwadon nauyin kaya da nisan tafiya, ga tukunya mai rowar tururi. Mutum yana kallon tururin da yake wahalar tarawa yana tsiyayewa a iska, ga igiya a kusa. Ni a ganina laifin ƙirar ya fi na direban: an bar bawul ɗin inda hannu zai kai.

Masu shirya gasar Rainhill sun toshe wannan ƙofa. Sharaɗinsu shi ne kowane kan jirgi ya zo da bawul biyu, ɗaya a inda direba ba shi da iko da shi sam, kuma aka ƙayyade ƙarfin tururin da tukunya za ta ɗauka. Rocket ya cika sharaɗin. Saboda wannan kaɗai, in za a ce in zaɓar wa ƙanena inda zai tsaya, Rocket zan nuna masa. (Gawayin kwal ma yake ci, wanda aka riga aka toya, don doka ta hana hayaƙi, huhun ma'aikata ya ɗan huta.)

Sauran kuwa duk kanwar ja ce. Babu rumfa a kan ko ɗaya, ruwan sama da sanyin Ingila da tartsatsi duk a fuska suke ƙarewa. Kuma Rocket ba shi da birki. Ranar buɗe layin Liverpool, 15 ga Satumba 1830, ɗan majalisa William Huskisson ya sauka kan dogo a Parkside. Joseph Locke da ke tuƙin Rocket ya hango shi, abin da yake iyawa kawai shi ne ya juya injin baya. Rocket bai tsaya a kan lokaci ba, ya take wa Huskisson ƙafa, Huskisson ya cika a daren ranar a Eccles.