Gargaɗi ga masu fansho: a yi hattara da dillalan tsofaffin jiragen ruwa masu inji

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na iyayenmu ne da yayyenmu da suka ajiye aiki, garatuti ya shigo hannu, suna tunanin sayen tsohon jirgi mai inji su gyara, ko don jigilar 'yan kasuwa tsakanin Yawuri da Wara da Malale, ko don su ba wani yaro ya riƙa kawo musu balas. Sana'a ce ta halal, kuma ana samu. Amma akwai mutanen da suka mayar da irinku abin farauta, domin sun san kuɗi na hannunku a dunƙule, sun kuma san ba a kan ruwa kuka taso ba.

Wani kawuna, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, haka aka yi masa. Ba zan kama sunan kowa ba, maganar tana hannun hukuma. Yadda suke yi nake so ku sani.

Wasunsu ko jirgin ba su da shi. Hoto ne kawai a Facebook ko WhatsApp: jirgin faiba mai sheƙi, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40, a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Sai a ce gwanjon kwastan ne, ko mai shi zai bar ƙasa, kuma wani Alhaji na hanya da kuɗinsa, don haka ka tura kafin alƙalami yau. Kana turawa sai kuɗin mota ya taso, sai na takarda, daga nan layi ya daina shiga. Hukumar kwastan ta sha yin shelar cewa ba ta gwanjo ta hannun ɗaiɗaikun mutane a kafafen sada zumunta. Wannan ya isa a kan waɗannan.

Waɗanda suka fi haɗari su ne masu kaya a ƙasa, irin wanda kawu ya faɗa hannunsu. Za ka je ka ga jirgi da idonka, ka shafa shi, sabon fenti na ta ƙamshi. Za su ja igiya inji ya tashi a tudu, ya yi ƙara na ɗan lokaci, su kashe, su ce Baba ka ji da kunnenka. To wannan ba gwaji ba ne. Injin jirgi da ruwan kogi yake sanyaya kansa. Akwai wata 'yar farfelar roba a cikin ƙafarsa da ke zuƙo ruwan, kuma tayar da shi a bushe cinye ta yake yi. Suna gudun ruwa ne domin a ruwa asiri ke tonuwa. Inji mai lafiya, yana tashi za ka ga siririn ruwa na tsartuwa ta bayansa, abin da matuƙa ke ce wa fitsari. In babu fitsarin nan, ko yana ɗiga da ƙyar, zafi zai kama shi a tsakiyar kogi. Kuma injin da ringinsa, wato zoben fistin, ya cinye yana iya yin ƙara mai daɗi ba kaya, amma a ɗora masa mutane da buhuna sai ya kasa tura jirgin.

Murfin inji ma ba shaida ba ne. Ana sauya shi, ana sayen sitika a liƙa. Ku duba ɗan allon da ke jikin maƙalin da ake ɗaure inji da shi a jirgi, a nan samfuri da lambar injin suke. Idan an kankare lambar, ko an cire allon, ko ba ta yi daidai da ta rasit ba, ku tashi ku tafi, domin ana satar injina a bakin ruwa, kuma ranar da mai shi ya gane kayansa, a hannunka za a kama. Sannan a sa makanike ya kwance ƙusar ƙasa ta akwatin giyar injin, wanda ke ƙafarsa, ya ɗiga man. In ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa na shiga giya. In da ɓarɓashin ƙarfe, haƙoran sun fara ci. Na kawu duka biyun aka samu, bayan kuɗi sun riga sun fita.

Gangar jikin jirgin kuwa, fenti ne makaminsu. A na katako, sukan cusa garin katako da gam ko kwalta a inda ya ruɓe, su bi da fenti. Sai an jawo shi tudu an duba cikinsa daga ƙasa, a bi katakan da sukundireba ana dannawa. Inda ya nutse, ruɓa ce. A na faiba, bangon baya inda ake rataya inji yawanci katako ne a ciki aka lulluɓe. Ruwa kan shiga ta ramukan ƙusa ya ruɓar da shi, waje kuma lafiya lau. A ɗaga ƙafar injin a danna da ƙarfi. Idan bangon ya motsa ko ya yi ƙara, gyaransa aiki ne babba, ba na faci ba.

Abin da ya sa na kasa yin shiru, asarar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Tafkin Kainji, inda ake wannan jigilar, tun da aka gama madatsar ruwansa a 1968, akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwansa, kuma ruɓaɓɓen katako ba ya jure karo ɗaya. Ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgi ɗauke da fiye da mutum 150 ya tarwatse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. Wanda ya shafe ruɓa da fenti ya sayar wa dattijon da zai ɗauki mata da yara ranar kasuwa, wallahi ya san abin da yake yi.

Don haka, Baba, kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka yarda da makaniken da dillali ya kawo, la'adarsa na cikin cinikin. Ka tafi da naka, da kafintan jirgi da ka sani. Ka fara zuwa wurin Sarkin Ruwa ko shugabannin ƙungiyar masu jirage na wannan mashigi ka tambayi tarihin jirgin, sun san wanda ya taɓa nitsewa da wanda aka daɗe da jinginewa. A sa shi a ruwa da kaya, a yi tafiya mai nisa har inji ya ɗau zafi, a kashe, a sake tayarwa. Ciniki a rubuce, da lambar inji a ciki, da shaidu, biya kuma ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda. Batun rajista a yi shi da hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wato NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta ofishinta na yankinku, ba ta hannun dillali ba.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa shi ɓoyewa. Ya garzaya bankinsa a ranar ya kai ƙorafi, ya kai rahoto ga 'yan sanda, ya adana lambar asusun da hotuna da duk saƙonnin da suka yi. Don Allah a tura wa duk wanda aka san yana shirin karɓar garatuti.