Shagon shirya matafiya a Maigatari: ya iya takardu da lissafi, saura yaren kasuwa

Duk ɗan yankinmu na Gumel da ke shirin bin hanyar Kwatano da Lome har Kumasi, ina ba shi shawara ya fara tsayawa a wani ɗan shago da ke kusa da kara a kasuwar Maigatari. Asalin sana'ar mai shagon cajin waya ce da hoton takardu, amma ya yi zama a Damagaram, yana jin Faransanci, sai ya haɗa da shirya matafiya. Kada ka je ran Alhamis, cikar kasuwa ba za ta bar shi ya saurare ka ba.

Ni kayan fata na kai Kumasi. Da fasfo muka fara, sannan katin rigakafin shawara. Ya ce mini, "Alhaji, kada ka bari sai ana gobe tafiya." Sai allurar ta kwana 10 katin yake fara aiki, kuma tun 2016 sau ɗaya ake yin ta ta wadatar har abada. Ya bayyana mini cewa ɗan Najeriya na iya zaman kwana 90 ba biza a ƙasashen ECOWAS, amma Nijar ta fice a Janairun 2025, don haka mai bi ta can ya fara tambayar halin da iyaka ke ciki.

Inda kuɗina ya halatta masa shi ne wajen lissafi. Sefar Benin da Togo ɗaya ce da ta Nijar da muka sani, ta Kamaru daban ce, Gana kuwa sidi suke kashewa. Ƙirgen Faransanci ma yana da tarko: saba'in "sittin da goma" suke cewa, tamanin "ashirin sau huɗu", casa'in kuma "ashirin sau huɗu da goma". Wanda bai san wannan ba, zai ji ashirin a bakin ɗan canji ya ɗauka kuɗi kaɗan ne. Ya naɗa mini lambobin da muryarsa a waya, ina ji ina maimaitawa a mota, kuma sun yi mini rana a Seme, iyakar Najeriya da Benin, da Aflao, iyakar Togo da Gana. Har kan caja mai zagayayyun ƙafa biyu ya sayar mini, don soket ɗin Benin da Togo ba irin namu ba ne.

Ƙorafina ɗaya ne, amma babba ne. Ya shirya ni kamar Faransanci da Turanci sun gama komai, alhali yaren ofis da bakin iyaka ne. A kasuwar Dantokpa ta Kwatano matan da na yi ciniki da su yaren Fon suke yi, a Lome Mina da Ewe, a Kumasi Twi. Ko gaisuwa bai koya mini ba a cikinsu, kuma mun san ciniki ba ya daɗi in ba a gaisa ba. Zangon Kumasi ne ya fisshe ni, inda Hausa ke gudana kamar a gida, mai masaukina ya haɗa ni da yaronsa ya yi mini tafinta.

Na gaya wa mai shagon haka da na dawo, ya karɓa da hannu biyu. Kafin ya gyara, ka je ka karɓi shirin takardu da lissafi a wurinsa, lambar mai masauki kuma ka nema wurin 'yan goro kafin ka hau mota.