10, 172 ko 192: Wane Rukunin Adireshi Za Ka Ɗauka Kafin Ka Sayi Rauta?

Mai shirin haɗa kwamfutoci a makaranta, otal ko cibiyar jarrabawar JAMB a Gusau, kafin ya tambayi kuɗin rauta (na'urar da ke haɗa kwamfutocin wuri da intanet), ya fara tsayar da rukunin adireshin IP da zai hau kai, wato jerin lambobi huɗu da ake gane kowace na'ura da shi a kan layi. Tun 1996 takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 1918 ta ware rukuni uku don amfanin cikin gida: masu farawa da 10, da na 172.16 zuwa 172.31, sai 192.168.

Na 192.168 shi kowa ya sani, don da shi ƙananan rautoci ke fitowa daga kwali, kuma a saitinsu na kamfani adireshi 254 kacal ake samu. Cibiya mai kwamfuta 250, a ƙara firinta, kyamarorin tsaro da wayoyin ma'aikata, ai wuri ya ƙure. Na 172 ba laifi, sai dai mutane kan manta a 31 ya tsaya, su faɗa gonar wasu, wato adireshin waje da ke da masu shi.

Ni kam na 10 nake ba kowa shawara. Adireshi ne sama da miliyan 16, amma abin da ya fi burge ni shi ne sararin tsara lambobi yadda ko sabon yaro zai gane. Lamba ta biyu ta zama reshe, ta uku sashe: 10.1.10.0 ofis, 10.1.20.0 kyamarori. Gobe ka buɗe reshe a Talata Mafara ko Ƙaura Namoda, ka ba shi 10.2, ba karo. Kada fa ka zuba kowa wuri guda, saƙonnin cigiya da na'urori ke watsa wa juna za su cika layin. Zauren jarrabawa a yanka masa yanki mai girman da ake rubutawa /23, wato adireshi 510. Baƙi /22, wato 1,022. Don haka sayi rauta da suwic (na'urar da ake soka kebul ɗin kwamfutoci a jikinta) masu VLAN, wato masu iya raba layi ɗaya zuwa sassa daban-daban. Na'urorin kamfanin MikroTik na yin wannan ba tare da ya tatse aljihu ba.

Yanzu ga inda ake cutar jama'a. Akwai mai gyaran da ya taɓa rubuto min "kuɗin sayen adireshi" a lissafinsa. Waɗannan rukunai uku kyauta ne, ba wanda ke sayar da su. Adireshin waje, wanda kamfanin intanet ke bayarwa, shi ake iya biya wa kuɗi. Sai kebul: an buga Cat6 (sunan wani ajin ingancin kebul) a kwali, ciki kuwa alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe. Kankare silin da wuƙa a gaban mai shago, in fari ya bayyana ka ajiye masa kayansa. Kebul na gaskiya ma mita 100 ne iyakarsa, balle jabu, musamman in shi zai kai wa kyamara wuta. Wasu kuma su soka ƙaramar rautar gida cikin layin ba su kashe DHCP ɗinta (tsarin da ke raba wa na'urori adireshi da kansa) ba, na'urori biyu su yi ta rabon adireshi, rabin zauren ya ɗauke ana tsakar jarrabawa.

Kada ka cika wa mai aiki kuɗinsa sai ya ba ka kalmar sirrin rauta da taswirar adireshin a rubuce.